Katin Wi-Fi da ya ƙi aiki a sabuwar kwamfuta: nazarin wani lamari daga Maraɗi

Kwamfutar da wannan bayani ya shafa ta tebur ce, kuma wanda ya harhaɗa ta ɗan yayata ne, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda bai taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ba kafin wannan karo. Ya sayi kayan ne ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya samu, wasu a nan cikin gari, wasu kuma wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya kawo masa. Furosesan Ryzen 5 3600 ne na kamfanin AMD, babban allon kuwa, wanda masu gyara a nan suka fi sani da kart-mer, na jinsin B450 ne, kuma irin wanda ba ya zuwa da Wi-Fi a jikinsa. Saboda haka ya haɗa da katin Wi-Fi na daban, irin wanda ake sokawa a ƙaramin gurbin PCIe x1, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar AX200 ta kamfanin Intel. Wannan ƙwaƙwalwa ta fito a 2019, tana aiki a zangon gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, tana kuma ɗauke da Bluetooth. Abin da ke cikin kwalin shi ne katin, da eriya biyu, da wata siririyar waya mai kai mai ramuka tara, da ƙaramin faifan CD wanda bai amfane shi da komai ba, tunda akwatin kwamfutar ba shi da wurin sa faifai.

Yana da kyau a san tsarin gidan tun daga farko, domin daga baya zai shigo cikin maganar. Gida ne na bulon siminti a unguwar Ali Ɗan Sofo, modem ɗin da ke ba gidan intanet mai amfani da layin waya ne na 4G, kuma yana falon maigida. Ɗakin ɗalibin yana can kusa da zaure, tsakar gida ta raba shi da falon, kuma ƙofarsa da tagarsa duka na ƙarfe ne.

Kwamfutar ta tashi tun a gwajin farko, fankoki suna juyawa, hoto ya fito, Windows ta shiga lafiya lau. Sai dai a kusurwar ƙasa ta dama babu alamar Wi-Fi, kuma ko an latsa wurin ba ya nuna sunan rezo ko ɗaya. Kafin ya zo wurina ya riga ya yi abubuwan da galibin mutane suke yi: ya kai faifan wani shagon intanet an kwafe masa shi a kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB, ya sa abin da ke ciki bai ga canji ba, ya karɓi wani tarin direbobi, wato manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura, daga abokinsa ya zuba, ya kashe kwamfutar ya kunna ba adadi. Daga nan ya yanke hukunci cewa katin jabu ne, har ya fara neman mai tafiya Kano ya ba shi saƙon mayarwa. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce mini: "Kawu, katin ya zauna daidai, ga shaida, Bluetooth yana aiki, na haɗa shi da abin sauraro na kunne har na ji karatu. In da bai zauna ba, da shi ma bai yi ba. Ɓangaren Wi-Fi ne ya mutu."

Wannan hujja ce ta ɓatar da shi, ita ce kuma ta nuna inda matsalar take. Tambayar farko a irin wannan lamari ita ce ko babban allo yana ganin katin ma tukuna, kuma amsarta tana cikin jerin na'urori na Windows, wanda a kwamfutocinmu masu Faransanci ake rubuta shi Gestionnaire de périphériques. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, na'urar da ke haɗe da allo tana bayyana a wannan jeri ko da ba a sa mata direba ba. Za ta fito ne a sashen na'urorin da ba a gane ba, da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a gefenta. A kwamfutarsa kuwa, ƙarƙashin katunan rezo babu komai sai na waya wanda ke jikin allon, a sashen waɗanda ba a gane ba ma babu wani abu mai kama da katin rezo. Idan haka ta kasance, zuba direbobi ɓata lokaci ne, domin direba manhaja ce da ke magana da na'urar da Windows ta riga ta gani, ba ta iya kirawo wadda ba ta nan.

To, ta yaya Bluetooth ya yi aiki? Katin AX200 na'urori biyu ne a jiki ɗaya, kuma kowace da hanyarta ta isa ga kwamfuta. Wi-Fi yana bi ta layin PCIe da ke cikin gurbin, Bluetooth kuwa yana bi ta USB, wato ta siririyar wayar nan mai ramuka tara da ake sokawa a ƙasan babban allo. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne wutar da gurbin ke ba katin. Idan aka duba haƙoran zinariya da ke ƙasan katin x1, za a ga 18 ne a kowane gefe, kuma wata tsaga ta raba su gida biyu: 11 na ɓangaren da ke kusa da ƙarfen da ake ɗaurewa a bayan akwati, 7 kuma suna can ciki. Wuta tana cikin rukunin farko, layin da ke ɗaukar bayanai kuma yana cikin rukuni na biyu. Ke nan mai yiwuwa ne kati ya samu wuta, Bluetooth ɗinsa ya tashi ya yi magana ta wayar USB, alhali haƙoran da Wi-Fi ke buƙata ba su taɓa komai ba.

Kafin mu buɗe akwatin mun kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, mun zare wayar daga bango, sannan muka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar ta fita. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce, domin gurbin PCIe yana riƙe da ƴar wuta ta volt 3.3 ko an kashe kwamfuta daga Windows, muddin wayar tana bango. Lokacin kuma hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, irin lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, don haka na sa shi ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya kai hannu ga allo, ya kuma riƙe katin ta gefe. Da muka haska fitilar salula a gindin gurbin, abin ya fito fili. Ta wajen ƙarfen ɗaurewa haƙoran sun nutse gaba ɗaya, ta can ciki kuwa ana hango siririn layin zinariya a saman baƙar robar gurbin, abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Katin ya ɗan karkace, kuma daga sama ba mai iya ganewa.

Na ce masa ya sassauta sukurun da ke riƙe da ƙarfen kawai, kada ya taɓa katin. Yana sassautawa sai ƙarfen ya ɗago daga bakin akwatin ya bar ƴar tazara, wanda ya nuna cewa leɓen ƙarfen bai yi daidai da tsayin akwatin ba tun asali. Shi kuma da ya ga tazarar a ranar haɗawa, sai ya ɗaure sukurun da ƙarfi domin ya rufe ta, sukurun ya ja gaban katin ƙasa, bayansa ya tashi. Babban gurbin x16 na katin hoto yana da ƴar sakata a ƙarshensa da ke hana irin wannan, ƙaramin x1 kuwa ba shi da ita. Akwatunan masu araha da ake kawo mana sukan zo da irin wannan rashin daidaito, kuma a ganina laifin akwatin ya fi na mai haɗawa yawa. Mun cire katin, muka ɗan lanƙwasa leɓen ƙarfen da filaya har ya kwanta a kan akwatin ba tare da an ja shi ba, muka mayar da katin, ya danne tsakiyarsa da babban yatsa yayin da nake ɗaure sukurun iya inda ya tsaya da kansa.

Da wannan bai yi ba, mataki na gaba shi ne a mayar da katin gurbi na biyu mai tsawo, tunda katin x1 yana aiki a gurbin x4 ko x16, a kuma duba littafin allon, domin akwai alluna da ke kashe wani ƙaramin gurbi idan an sa wani abu a gurbin da suke raba layi da shi. Ba mu kai ga haka ba. Na dai duba rubutun da ke jikin katin na tabbatar AX200 ne, ba AX201 ba, saboda na biyun an yi shi ne don wasu allunan Intel kaɗai, ba zai taɓa tashi a allon AMD ba, kuma sunayen biyu sun yi kusa da har mai sayarwa zai iya musanya su ba da gangan ba.

Bayan an kunna, sai ga sabuwar na'ura a jerin, an rubuta Contrôleur de réseau, da alamar gargaɗin nan a gefenta, kuma cikin bayananta akwai lamba 28, wadda ma'anarta ita ce ba a sa direba ba. Ɗalibin ya ga alamar ya ce, "Kawu, ai ga wata matsalar kuma." Na ce masa wannan ci gaba ne, domin yanzu allon ya ga katin, saura Windows ta san shi. A nan ne kuma aka warware zancen jabu. Kowace na'urar PCIe tana faɗin lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar kanta, kuma ana ganinsu a shafin cikakken bayani na na'urar. Tasa ta nuna VEN_8086 da DEV_2723. Ta farkon lambar Intel ce, ta biyun kuma ta AX200 ce. Da an sa wata ƙwaƙwalwar a ƙarƙashin murfin, misali ta Realtek, da 10EC za mu gani. Kwali da takardar da aka manna suna iya yin ƙarya, amma wannan lamba daga cikin ƙwaƙwalwar take fitowa, shi ya sa na fi yarda da ita a kan duk wani rubutu na waje.

Dalilin da ya sa Windows ba ta gane katin da kanta ba shi ma bai yi wuyar samu ba. Kilen da ya yi amfani da shi wajen sa Windows 10 tsoho ne da ya daɗe yana yawo a hannun ɗalibai, kuma sigar da ke ciki 1607 ce, ta shekarar 2016, wato shekara uku kafin a fitar da katin. Ga kuma tarin direbobin abokinsa da ya riga ya zuba, waɗanda ba wanda ya san me da me suka sa a ciki. Tunda kwamfutar sabuwa ce, babu wani aiki nasa a ciki da za a yi asara, na ga gara a share a sake daga tushe da sigar 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe a Windows 10, daga kilen da nake da shi, domin sauke ta daga intanet ya haura gigabait 5, kuma wannan ba ƙaramin kuɗin data ba ne ga ɗalibi. Na kuma gaya masa cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma furosesansa yana cikin waɗanda Windows 11 ta karɓa, don haka ƙaura tana gabansa, amma ba a haɗa ta da gyaran da ake ciki, don kada a rasa gane abin da ya gyara me.

Sauran abin da ke ɗaure wa masu haɗin farko kai shi ne yadda za a sauke direban Wi-Fi a kwamfutar da ba ta da Wi-Fi. Hanyar tana aljihun kowa. Mun haɗa salularsa ta Android da kwamfutar ta wayar caji, muka kunna raba intanet ta USB a saitin salular, Windows ta ɗauke ta a matsayin rezo na waya ba tare da neman komai ba. Daga shafin Intel muka sauke direban Wi-Fi da na Bluetooth, kowanne daban, kuma ba su ci data mai yawa ba. Alamar gargaɗin ta ɓace, sunan katin ya fito cikakke, sunayen rezo na maƙwabta suka jeru.

Duk wannan a wurin aikina aka yi shi, inda modem ke ɗaki ɗaya da kwamfutar. Da ya mayar da ita gida sai ƙorafi ya sake salo: tana kama rezon gidan, amma da sanda ɗaya ko biyu a alamar ƙarfin sigina, kuma takan yanke ta dawo. Wannan ɓangare ya fi na baya cin lokaci, domin abin da ke zuwa yana tafiya ya fi wuyar kamawa a kan abin da ya mutu ɗungurungum. Na je gidan, abin da na fara yi kuma shi ne kwatanta salula da kwamfuta a wuri ɗaya. A kan teburinsa salular tana samun sanda uku, kwamfutar kuwa da aka rubuta umarnin netsh wlan show interfaces ta nuna ƙarfin sigina a ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Katin da ke da eriya biyu a waje bai kamata salula ta fi shi ji ba, saboda haka matsalar tana wurin da eriyoyin suke. Akwatin yana ƙasa, ƙarƙashin teburin ƙarfe irin wanda maƙeran walda ke yi, bayansa manne da bango, eriyoyin biyu kuma a kwance a tsakanin ƙarfen akwatin da siminti, cikin tarin wayoyi. Akwatin da kansa ya tsaya tsakaninsu da inda modem yake. Modem ɗin kuma an ajiye shi a bayan talabijin a falo, don kada yara su taɓa.

Wannan ya bayyana raunin siginar, amma bai bayyana yankewar ba. Da na tambaye shi lokacin da abin ya fi faruwa, sai ya ce ya lura yakan yanke idan yana kwafe darussa da bidiyo daga faifansa na waje, har ya fara zargin cewa akwatin wutar ne ba ya iya ɗaukar su biyun. Faifan yana soke ne a wata kafar USB 3.0 ta baya, mai launin shuɗi, ƴan santimita kaɗan daga eriyoyin. Sanannen abu ne cewa USB 3.0 yana fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗawa cikin zangon gigahaz 2.4, kamfanin Intel ma ya fitar da bayani a kan haka tun 2012, kuma abin ya fi tsanani idan wayar faifan ba ta da rufi mai kyau. Siginar da ta riga ta raunana, idan hayaniya ta taso kusa da eriya, sai ta nutse, kamar mai ƙoƙarin jin kiran da ake yi masa daga nesa yana tsaye a gindin injin niƙa. Mun gwada a gabansa: muka bar umarnin ping yana aika saƙo zuwa adireshin modem ɗin ba tsayawa, amsoshi suna dawowa, ya fara kwafe babban fayil, nan take amsoshin suka fara jinkiri wasu suna ɓacewa, ya tsayar da kwafewar suka daidaita.

Zangon gigahaz 5 ba ya fama da wannan hayaniya, kuma modem ɗin yana da shi, amma ba ya ratsa bango kamar na 2.4, kuma a ɗakin ko sunansa ba ya fitowa sai an buɗe ƙofa an tsaya a bakinta. Don haka gyaran ya zama na matsar da abubuwa. Faifan ya koma kafar gaba ta akwatin. An samo gindin eriya mai doguwar waya, aka ɗaura eriyoyin biyu a kansa, aka ɗora shi a bakin taga ta ɓangaren tsakar gida, suna tsaye. A nan sai da na hana shi wani abu, domin ya ɗauko dogayen eriyoyin wani tsohon modem na 4G yana so ya ɗaura, a tunaninsa tsawo shi ne ƙarfi. Zaren sukurunsu iri ɗaya ne da na katin, amma cikinsu ya bambanta: mahaɗin Wi-Fi, wanda ake kira RP-SMA, allurarsa tana jikin katin ne, ramin yana jikin eriya, na modem ɗin 4G kuwa galibi SMA ne, allurar tana jikin eriya. Da ya matsa, allura za ta haɗu da allura, ɗaya ta lanƙwashe ko ta nutse. Daga ƙarshe na roƙi maigidan, wanda nake kira Yaya, ya yarda a fito da modem daga bayan talabijin a rataye shi sama kusa da tagar falo, inda hannun yara ba ya kaiwa. A saitinsa kuma na tsayar da shi a tasha ta 11, bayan na ga yawancin na maƙwabta sun taru a ta 1 da ta 6, waɗannan ukun kuwa su ne ba sa hawa kan juna a zangon 2.4.

Bayan haka ƙarfin siginar ya haura kashi 70 cikin ɗari, kuma ping zuwa modem bai sake ɓacewa ba ko ana kwafe fayil. Abin da ya rage shi ne jinkirin da yake gani da daddare, bayan sallar isha'i, wanda shi ma ya so ya ɗora wa katin, ganin cewa an rubuta gigabit 2.4 a daƙiƙa a jikin kwalin. Wannan adadi iyakar abin da katin zai iya ne a zangon gigahaz 5, da modem na Wi-Fi 6 mai faɗin tasha megahaz 160, a kusa da juna, kuma bai shafi abin da layin 4G ke kawowa gidan ba. Na nuna masa yadda zai raba biyun da kansa, ya buɗe ping ɗaya zuwa modem, ɗaya zuwa wani adireshi na waje. A daren da ya gwada, na modem yana dawowa cikin ƴan milisakan, na waje ne ke hawa yana sauka, wanda ke nuna cunkoson masu amfani da layin a wannan lokaci, abin da babu katin da zai gyara shi.

Ra'ayina tun ranar da na ga gidan shi ne kwamfutar da ba ta motsi daga teburinta waya ta fi dacewa da ita. Wayar rezo ta Cat5e tana kai mita 100 ba tare da ƙarin na'ura ba, tazarar falon da ɗakin ba ta kai rabin haka ba, kuma babban allon yana da kafarta a jikinsa. Maigidan bai so a huda bango ko a ratsa tsakar gida da waya ba, amma ya amince a bi da ita ta saman katanga cikin bututun roba saboda rana da ruwan damina, idan ɗalibin ya sayi wayar da bututun da kuɗinsa. Har zuwa lokacin da zai tara kuɗin, katin ne ke ɗauke da intanet ɗin ɗakin, kuma ko an ja wayar zai ci gaba da zama a gurbinsa saboda Bluetooth.